Tambaya ɗaya, tawagogi 29: yadda zaɓin mai lissafi ya juya sakamakon binciken jan kati

Tambayar da aka ba su gajera ce, irin wadda ake tayar da jijiyar wuya a kanta a gidajen kallon ƙwallo: shin alƙalan wasa sun fi saurin ɗaga jan kati ga 'yan wasa masu duhun fata fiye da masu hasken fata? An damƙa wa tawagogi 29 na masu bincike, mutum 61 jimilla, tarin bayanai iri ɗaya, ba a rage wa kowa ko layi guda ba. Kowace tawaga ta koma gefe ta yi lissafinta. Da aka tattara amsoshi, tawagogi 20 suka ce akwai bambanci, kuma ya kai a kama shi da ƙididdiga. Sauran 9 suka ce lissafinsu bai nuna bambancin da za a dogara da shi ba. A ƙarshen ƙasa, wata tawaga ta sami lambar da ke nuna mai duhun fata ya ɗan fi tsira daga jan kati. A ƙarshen sama, wata ta sami kusan ninki uku.

An buga cikakken rahoton aikin a 2018 a mujallar Advances in Methods and Practices in Psychological Science, bayan wani gajeren sharhi da ya fito a mujallar Nature a 2015. Waɗanda suka ja ragamarsa sun haɗa da Raphael Silberzahn da Eric Uhlmann da Brian Nosek. Abin da ya kai biyun farko ga wannan aiki shi ne wani bincikensu na 2013, inda suka ruwaito cewa Jamusawa masu sunan dangi irin na sarauta, kamar Kaiser da König, sun fi samun muƙamin manaja fiye da masu suna irin Koch ko Bauer, wato mai girki da manomi. Wani mai bincike, Uri Simonsohn, ya karɓi bayanansu ya sake lissafi, yana gwama kowane sunan sarauta da sunayen da suka yi daidai da shi wajen yawa a cikin jama'a, sai bambancin ya ɓace. Shi da Silberzahn da Uhlmann suka buga gyara tare a 2014. Bayanan ba su canza ba, hanyar auna su ce ta canza. Daga nan suka so ganin abin da zai faru idan aka ba mutane da yawa aiki guda tun daga farko.

Abin da ke cikin bayanan

An tattaro 'yan wasa 2,053 da ke buga manyan gasannin maza na Ingila da Jamus da Faransa da Sifaniya a kakar 2012 zuwa 2013, tare da alƙalan wasa 3,147 da suka taɓa busa musu wasa a tsawon rayuwarsu ta ƙwallo. Kowane layi a cikin jadawalin haɗuwar ɗan wasa guda ne da alƙali guda: wasa nawa suka yi tare, nasara nawa, canjaras nawa, rashin nasara nawa, ƙwallo nawa ɗan wasan ya ci, katin gargaɗi nawa, kora ta katin gargaɗi biyu nawa, jan kati kai tsaye nawa. Irin waɗannan layuka sun kai 146,028. An haɗa da tsawon ɗan wasa da nauyinsa da ranar haihuwarsa da gurbin da yake bugawa da kulob ɗinsa da gasar da yake ciki.

Launin fata kuma daga hoto aka auna shi. Mutum biyu da ba a gaya musu manufar binciken ba suka duba hotuna, kowa shi kaɗai, suka ba kowane ɗan wasa maki daga 1, mai haske sosai, zuwa 5, mai duhu sosai. An sami hotunan 'yan wasa 1,586 kawai. Waɗanda aka rasa hotunansu galibi sababbin shiga ne ko waɗanda suka hauro daga ƙananan gasanni, don haka giɓin ba na kan mai uwa da wabi ba ne, ya karkata ga wani rukuni.

Akwai abu ɗaya da babu shi a jadawalin, kuma shi ne zai dami kowa daga baya: ba a rubuta ƙetar da ɗan wasa ya yi ba. An san an ba shi kati, ba a san me ya yi aka ba shi ba.

Yadda aka tafiyar da aikin

Ba a bar kowa ya yi gaban kansa har ƙarshe ba. Bayan zagayen farko, kowace tawaga ta rubuta hanyar da ta bi, aka ɓoye sakamakon, aka rarraba hanyoyin ga sauran tawagogi su duba su yi suka. Kowa ya karɓi sukar da aka yi masa, ya gyara abin da ya ga ya kamata, sannan ya miƙa amsa ta ƙarshe. An kuma riƙa tambayar masu binciken ra'ayinsu a kan tambayar a matakai daban-daban, tun kafin su buɗe bayanan. Sannan an yi wa kowa alkawarin sa sunansa cikin marubutan rahoton ko me ya samu. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da nauyi, domin ya cire kwaɗayin da ke sa mai bincike ya yi ta murɗa lissafi har ya sami abin da mujalla za ta so bugawa.

Don a iya gwama amsoshin, an mayar da su duka ma'auni ɗaya, wanda za mu kira lambar ninki. Lamba 1 tana nufin babu bambanci. Abin da ya haura 1 yana nufin mai duhun fata ya fi fuskantar jan kati, abin da ya gaza 1 kuma akasin haka. Amsoshin sun tashi daga 0.89 zuwa 2.93, kuma idan aka jera su, wadda ta faɗo tsakiya ita ce 1.31. Don a gane girmanta, a ƙaddara ɗan wasa mafi hasken fata yana karɓar jan kati 4 a wasa 1,000. Lambar 1.31 tana nufin mafi duhun fata zai karɓi 5 da ɗoriya kaɗan, lambar 2.93 kuma tana nufin kusan 12.

Ya kamata a kalli wannan jeri da adalci, domin an sha yayata shi kamar amsoshin sun watse gabas da yamma. Tawagogi biyu ne kawai suka faɗo ƙasa da 1, kuma babu wadda ta sami tabbacin cewa masu hasken fata ne ake zalunta. Mafi yawan lambobin sun taru tsakanin 1 da 1.5. Ita kuwa 2.93 ɗin da ke saman jeri tana cikin guda 9 da ba su tsallake ma'aunin ƙididdiga ba, saboda tazarar tabbacinta, wato iyakokin da lissafi ya nuna amsar gaskiya tana iya kasancewa a tsakaninsu, ta buɗe daga ƙasa da 1 har zuwa gomomi. Duk da haka, da a ce tawaga ɗaya aka ba aikin kamar yadda aka saba, kanun labarin da duniya za ta karanta ya dogara ne ga wadda aikin ya faɗa hannunta.

Mararrabar farko: wane irin lissafi

Jan kati abu ne da ba ya yawan faruwa. A mafi yawan layukan jadawalin lambar da ke gurbinsa sifili ce, kaɗan ne ke da 1, ƙalilan ke da 2. Yadda mai lissafi zai ɗauki wannan lamba shi ne zaɓi na farko.

Tawagogi 15 sun bi hanyar lojistik, wadda ke mayar da abin e ko a'a: an ba da kati ko ba a bayar ba. Cikinsu 11 suka sami bambanci. Tawagogi 6 sun bi hanyar Poisson, wadda aka gina don ƙirga abubuwan da ke faruwa jefi-jefi, 4 suka sami bambanci. Wasu 6 sun bi lissafin miƙaƙƙen layi, 3 suka samu, 3 ba su samu ba. Biyun da suka rage sun bi wasu hanyoyi na daban.

Kowace hanya tana da inda take yoyo. Miƙaƙƙen layi yana ɗauka cewa lambobi sun bazu dama da hagu na matsakaici, alhali a nan kusan komai ya cunkushe a kan sifili, har lissafin yana iya hasashen cewa ɗan wasa zai karɓi kati ƙasa da sifili. Poisson tana ɗauka cewa bazuwar lambobi daidai take da matsakaicinsu, idan kuwa bazuwar ta fi haka, sai ta ba da tazarar tabbaci matsattsiya fiye da gaskiya. Lojistik tana haɗiye bambancin da ke tsakanin kati ɗaya da kati biyu, sai dai idan an warware kowane layi zuwa wasanni ɗai-ɗai. Ga kuma batun yawan wasa: ɗan wasan da ya haɗu da alƙali sau 20 ya fi wanda ya haɗu da shi sau ɗaya damar karɓar kati daga hannunsa. Wanda bai shigar da yawan wasa cikin lissafinsa ba, yana auna daɗewa a fagen ƙwallo ne yana zaton launin fata yake aunawa. Wanda ya shigar da shi ma, sai ya zaɓi ta yaya: ya raba katuna da yawan wasa, ko ya ba layuka masu wasa da yawa ƙarin nauyi, ko ya sa shi a matsayin ma'aunin dama.

Mararraba ta biyu: layuka dubu 146 ba shaidu dubu 146 ba ne

Nan ne ɗalibi mai sabon hannu ya fi faɗawa rami. Ganin layuka 146,028 yana sa mutum ya ji yana da hujja mai yawa. Amma launin fata sifar ɗan wasa ce, kuma ɗan wasa guda yana iya bayyana a layuka fiye da ɗari, ɗaya ga kowane alƙalin da ya taɓa haɗuwa da shi. Idan mutumin mai zafin kai ne, zafin kansa yana cikin dukkan layukan nan. Ƙirga su a matsayin shaidu masu zaman kansu tamkar a kira mutum ɗaya ne ya maimaita shaida sau ɗari, a rubuta cewa mutum ɗari sun shaida. Haka ma alƙali: mai saurin zaro kati yana bayyana a layukan duk 'yan wasan da ya busa wa.

Sakamakon wannan kuskure shi ne tazarar tabbaci ta tsuke, ƙimar p, wato lambar da ke auna ko dace kawai zai iya haifar da irin wannan bambanci, ta faɗi ƙasa, ƙaramin bambanci ya fito kamar tabbatacce. Hanyoyin gyara sun fi ɗaya. Ana iya gina lissafi mai hawa-hawa wanda ke ba kowane ɗan wasa da kowane alƙali nasa ma'aunin. Ana iya barin lissafin yadda yake a faɗaɗa kuskuren ƙiyasi bisa rukuni. Ana iya dunƙule jadawalin ya zama layi ɗaya ga kowane ɗan wasa. Tawagogin sun rarrabu a kan waɗannan hanyoyi, wasu kuma ba su yi gyaran ba sam. Ko a cikin masu gyaran, wanda ya lura da maimaituwar 'yan wasa kawai ba zai sami amsa ɗaya da wanda ya lura da ta 'yan wasa da alƙalai a tare ba.

Mararraba ta uku: me za a daidaita

Wannan ita ce mafi rikitarwa, kuma a nan tawagogin suka fi rabuwa. Tawagogi 29 sun fito da haɗi 21 daban-daban na abubuwan da suka daidaita, wato waɗanda suka cire tasirinsu daga lissafin. Mafi yawansu sun sa gurbin ɗan wasa. Wasu sun ƙara tsawo da nauyi da shekaru, wasu gasa ko kulob, wasu ƙasar alƙali, wasu yawan ƙwallaye ko nasarori, wasu yawan katunan da ɗan wasa ya taɓa karɓa.

Dalilin daidaita gurbi a fili yake, kuma ƙaramin misali na ƙaddarawa zai nuna shi. A ce 'yan baya suna karɓar jan kati 6 a wasa 1,000, 'yan gaba kuma 2, kuma alƙalai ba sa duban fatar kowa. A ce rukunin farko kashi 70 cikin 100 'yan baya ne, rukuni na biyu kuma kashi 30 kawai. Matsakaicin rukunin farko zai zama 4.8, na biyu 3.2. Ninki ɗaya da rabi ke nan, ba tare da wani alƙali ya nuna son kai ba. Idan aka juya rabon guraben, irin wannan lissafi zai iya ɓoye son kai na gaske. Shi ya sa ake gwama ɗan baya da ɗan baya, ɗan gaba da ɗan gaba.

Sai dai ba kowane abu ne daidaita shi ke tsarkake lissafi ba. Ɗauki katin gargaɗi. Mai bincike yana iya cewa yawan katin gargaɗi alama ce ta ɗan wasa mai ƙeta, don haka a daidaita shi a cire tasirin ƙeta. Magana ce mai ma'ana. Amma wa ke ba da katin gargaɗi? Alƙalin nan dai da ake tuhuma. Idan yana da son kai, son kan nasa yana cikin katin gargaɗin tun farko, daidaita shi kuwa zai share wani ɓangare na abin da ake nema. Haka yawan ƙwallaye da nasarori: wanda aka kora daga fili ba zai ci ƙwallo ba, kuma ƙungiyarsa ta fi kusa da shan kashi, wato waɗannan suna iya zama 'ya'yan jan katin ne, ba iyayensa ba. Ƙa'idar ita ce a daidaita abin da ya riga ya kasance kuma yake shafar ɓangarorin biyu, a bar abin da ke kan hanya tsakanin sanadi da sakamako, a kuma bar abin da sakamakon ya haifa. Babu manhajar ƙididdiga da za ta rarrabe wa mutum waɗannan. Sanin ƙwallo ne da tunani a kan me ke jawo me.

Kulob da gasa sun jawo muhawara ta musamman a tsakanin tawagogin. Jadawalin ya rubuta kulob ɗin da ɗan wasa yake a lokacin tattara bayanai, alhali katunan na tsawon rayuwarsa ta ƙwallo ne. Wanda ya yi shekaru a Faransa kafin ya koma Ingila, katunan da ya karɓa a Faransa za su fito ƙarƙashin gasar Ingila. Wannan ya shafi 'yan wasan Afirka ƙwarai, domin da yawansu ta wata gasar suke bi kafin su isa inda suke. Wanda ya daidaita gasa yana zaton ya cire bambancin tsaurin alƙalanci tsakanin ƙasashe, alhali alamar da ya yi amfani da ita ba ta dace da wasannin da ake ƙirgawa ba. Wanda bai karanta bayanin yadda aka haɗa jadawalin ba, ba zai taɓa ganin wannan a cikin lambobi ba.

Akwai ƙananan mararrabu da yawa bayan waɗannan. A ɗauki matsakaicin makin masu duba hoto biyu, ko a zubar da 'yan wasan da suka saɓa a kansu? A bar makin hawa biyar, ko a raba gida biyu, kuma idan za a raba, ina za a sa masu maki 3? A haɗa korar katin gargaɗi biyu da jan kati kai tsaye, ko a ware? A bar masu tsaron raga, waɗanda dalilin korarsu ya sha bamban da na sauran? A cire alƙalan da suka bayyana a layuka kaɗan, kuma kaɗan ɗin nawa ne? Idan mararrabu 10 ne kawai, kowace da hanya biyu, hanyoyin da za a iya bi sun kai 1,024. Rahoton bincike na yau da kullum ɗaya yake nunawa.

Abin da bai bayyana rabuwar ba

Zato na farko shi ne ƙwarewa: wataƙila gwanaye sun haɗu a amsa ɗaya, 'yan koyo ne suka watse. An duba, ba haka ba ne. Matakin ilimi da gogewa a ƙididdiga ba su raba masu e da masu a'a ba. Zato na biyu shi ne ingancin hanya. An sa tawagogin sun auna hanyoyin juna, kuma waɗanda aka yaba wa hanyarsu ma ba su tsaya a lamba ɗaya ba. Zato na uku shi ne son zuciya, cewa kowa ya sami abin da ya riga ya yi imani da shi. Ra'ayin da masu binciken suka bayyana kafin ganin bayanai bai yi hasashen sakamakonsu ba. Ra'ayinsu na baya ne ya bi abin da lissafinsu ya nuna musu.

Wannan ya sa lamarin ya fi nauyi. An daɗe da sanin illar murɗa lissafi da gangan. A 2011 Joseph Simmons da Leif Nelson da Simonsohn sun nuna cewa idan mai bincike ya ba kansa 'yanci huɗu kawai, kamar zaɓar ma'auni tsakanin biyu da ƙara mutane bayan leƙa sakamako, yiwuwar samun sakamakon ƙarya tana tashi daga kashi 5 zuwa kusan kashi 61 cikin 100. A aikin jan kati babu mai wannan kwaɗayi, kuma an yi komai a bainar abokan aiki, amma rabuwar ta zo. Tazarar tabbacin da kowace tawaga ta rubuta tana auna shakku iri ɗaya ne kawai, wato wanda ke zuwa daga cewa an ɗebi wasu 'yan wasa ba duka ba. Ba ta auna shakkun da ke zuwa daga cewa wani masani mai hankali zai iya bin wata hanyar.

Ma'aunin 0.05, wato iyakar da ƙimar p za ta gaza kafin a ce an sami bambanci, shi ma ya ƙara zuzuta rabuwar. Tawagar da ta sami 1.2 da tazarar da ta ɗan taɓa 1 tana shiga layin a'a, wadda ta sami 1.2 da tazarar da ta tsaya dab da 1 tana shiga layin e. A lamba kusan abu ɗaya suka faɗa. Rabon 20 da 9 ya fi nuna kaifin wuƙar da aka yanka da ita fiye da nisan da ke tsakanin amsoshin.

Ko tambayar ce ba ta fito ba

A 2021 masana zamantakewa biyu na Jamus, Katrin Auspurg da Josef Brüderl, sun sake buɗe aikin a mujallar Socius, suka kawo hujjar da ta cancanci a tsaya a kanta. Sun ce tawagogin ba tambaya ɗaya suka amsa ba, domin jimlar da aka ba su tana ɗaukar fassara fiye da ɗaya. Wani ya fahimci ana tambayar ko masu duhun fata sun fi karɓar kati, kawai, wanda amsarsa ba ta buƙatar daidaita komai. Wani ya fahimci ana tambayar ko alƙalai suna nuna wariya, wanda ke buƙatar gwama 'yan wasa masu hali ɗaya. Wani kuma ya zuba duk abin da ke ƙara wa lissafinsa ƙarfin hasashe. Da suka tsayar da tambaya guda, suka fayyace ainihin adadin da ake son ƙiyastawa, suka zaɓi abubuwan daidaitawa bisa tunanin sanadi, sai amsoshin hanyoyi daban-daban suka taru a ƙaramin fili.

Wannan suka ta yi daidai a kan wannan aiki, kuma ita ce darasi mafi amfani ga mai shirin bincike. Amma ba ta rufe maganar ba. A wani binciken da aka buga a 2020 an ba tawagogi 70 hotunan ƙwaƙwalwa iri ɗaya da hasashe 9 rubutattu, ba a sami tawagogi biyu da suka bi matakai iri ɗaya ba, kuma a kan fiye da rabin hasashen sun rabu sosai. A wani kuma da aka buga a 2022 tawagogi 73 sun auna ko shigowar baƙi tana rage goyon bayan jama'a ga tallafin gwamnati, suka fito da lissafi sama da 1,200, fiye da rabi ba su nuna komai ba, sauran suka rabu gida biyu masu karo da juna. Fayyace tambaya yana rage rabuwa, bai cika kawar da ita ba.

Abin da mai bincike zai yi a aikace

Tara tawagogi 29 a kan kowace tambaya ba mai yiwuwa ba ne, aikin jan kati kansa ya ci shekaru. Amma mutum ɗaya da kwamfutarsa zai iya ɗaukar mafi yawan amfanin.

Kafin buɗe bayanai, a rubuta tambayar a jimla ɗaya da ta ƙunshi su wa ake aunawa, me ake gwamawa da me, a wane ma'auni, kuma siffantawa ake so ko gano sanadi. Sannan a zana taswirar sanadi a takarda, kibiya daga kowane abu zuwa abin da yake shafa, a yanke abin da za a daidaita daga taswirar. A rubuta dokar cire bayanai da lambobinta, misali alƙalin da bai kai wasa kaza ba, da yadda za a yi da giɓi. A ajiye wannan shiri a wurin da ke buga kwanan wata, kamar OSF, rumbun intanet na ajiye ayyukan bincike, wanda kyauta ne. Amfanin irin wannan rajista ya bayyana a fannin magani: wani nazari na 2015 a kan manyan gwaje-gwajen cututtukan zuciya da wata cibiyar gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi ya sami cewa kafin 2000, gwaji 17 cikin 30 sun ba da sakamako mai daɗi, bayan an fara rajistar abin da za a auna tun farko kuwa, 2 cikin 25 ne kawai. Sai dai rajista tana hana sauya hanya ne bayan ganin sakamako, ba ta tabbatar da cewa hanyar da aka zaɓa ita ce daidai.

Don haka bayan babban lissafi, a jera duk mararrabun da aka wuce, a ware waɗanda masani zai iya kare kowane ɓangarensu, a gudanar da dukkan haɗe-haɗensu. Da manhajar R ko Stata ko Python, umarni ɗaya mai maimaita kansa ne zai yi ɗaruruwan lissafi. A jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba a zane ɗaya, a nuna a ƙasansa zaɓin da ya haifi kowanne. Abin dubawa uku ne: lambar tsakiya, kashi nawa suka fuskanci gefe ɗaya, da kuma wane zaɓi ne idan an juya shi amsar take juyawa. Wannan na ƙarshe ya fi sauran daraja, domin yana nuna inda ake buƙatar ƙarin bayani ko ƙarin tunani. Kuskuren da ake yi a nan shi ne cusa hanyoyin da aka san ba daidai ba ne, kamar lissafin da ya yi watsi da maimaituwar 'yan wasa, ko haɗa hanyoyin da ke amsa tambayoyi daban-daban a zane ɗaya. Hakan yana ƙirƙiro rabuwar da babu ita, ko ya binne amsa mai kyau a cikin tarkace. Kuma ƙirga hanyoyi ba ƙuri'a ba ce: hanyoyi 600 da suka gaji kuskure ɗaya ba su fi hanya guda mai kyau ba.

Daga nan a saki bayanan da umarnin lissafin yadda wani zai iya maimaitawa. Wanda ke aiki da danna maɓallai a manhajar ƙididdiga ta SPSS ya adana rubutaccen umarnin kowane mataki, in ba haka ba shi kansa ba zai tuna bayan wata shida wane layi ya cire ba. Idan da hali, a ba abokin aiki ɗaya ko biyu bayanan da tambayar, ba tare da nuna musu amsa ba.

A ƙarshen aikin jan kati, matsayin da mafi yawan masu binciken suka amince da shi shi ne cewa masu duhun fata sun fi karɓar jan kati a waɗannan bayanai, amma ba a san dalili ba. Rabin farko na wannan magana jadawalin zai iya ɗaukarsa. Rabi na biyu kuwa ba lissafi zai warware shi ba, ko tawagogi nawa aka ƙara, tunda ba a rubuta ƙetar ba. Mai son sanin ko wariya ce sai ya koma ga faifan wasannin, ya tattara duk ƙetar da aka yi, wadda aka hukunta da wadda aka kawar da kai, ya sa ƙwararrun alƙalai su auna tsananin kowace a hoton da aka ɓoye kamannin ɗan wasan, sannan ya duba ko ƙeta mai tsanani ɗaya tana samun hukunci ɗaya.